Ina da cikin wata huɗu ga goyo, uwar mijina tace in yaye shi yau-yau

Saƙon da ya shigo:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 22, ina goyon yaro ɗan wata 11 ga kuma ciki ya ɓullo, yanzu cikin watansa huɗu. Tunda uwar mijina ta sani hankalinta ya tashi, tace in cire shi a nono a kai mata shi ƙauye, wai nonon mai ciki guba ne shi yasa yake ta zawo yana ramewa, wai ya sha ciki. Kuma ta hana ni cin ƙwai da kayan zaƙi, tace in rage ci kar ɗan ciki yayi ƙato in kasa haihuwa a yi min aiki. Ni kuma Anti jiri nake gani, ko tsakar gida na share sai haki, ga kwaɗayin farar ƙasa kamar me. Ban fara zuwa awo ba. Maigidan ɗan sahu ne, abinda ya samo ranar shi muke ci, yawanci tuwo da miyar kuka ko taliya da manja da yaji. Bana son in saɓa mata amma zuciyata bata yarda da yayen ba. Ya zanyi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu kinji, sannu da ɗawainiya, Allah ya raba lafiya ya raya mana yaron nan. Na karanta saƙonki sau biyu kuma nasan maganar yaye ce ta dame ki har kika rubuto, zamu zo kanta, amma ni abinda ya fi tada min hankali a saƙon ke ce da kanki. Jiri, haki daga ɗan shara, kwaɗayin farar ƙasa, ga cikin wata huɗu ba awo, ga haihuwa da baki cika shekara da yi ba. Wannan duk wanda ya taɓa zama a ɗakin awo zai ce miki alamar ƙarancin jini ce har sai gwaji ya nuna akasin haka. Dan haka cikin satin nan, ba wai in kin samu sarari ba, ki shirya kije asibitin da ya fi kusa dake, ko ƙaramin asibitin unguwa ne, ki yanki katin awo kice a gwada miki jini. Ki tafi da yaron shima a goye, zan faɗa miki dalili a gaba.

Kinga mace in ta ɗau ciki jinin jikinta ƙaruwa yake da kusan rabi, dan ya ishe ta ya ishi mahaifa, kuma jiki baya ƙera jini da iska, sai da sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe, wanda daga abinci ake samunsa. Ke kuma ajiyar da kike da ita cikin farko ya cinye, haihuwa ta zubar da wani, baki gama mayarwa ba sabon ciki ya shigo. Ba ke kaɗai bace, binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna a cikin masu ciki 100 kusan 61 suna da ƙarancin jini, a duniya baki ɗaya kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa kusan 37 cikin 100 a 2019. Yawansa ne yasa muka maida shi ba komai ba, mace tana faɗuwa a bakin murhu ace ai laulayi ne. Alhali mace mai ƙarancin jini in tazo haihuwa ta zubar da jinin da wata zata jure, ita yana iya tafiya da ita. Wallahi na ga irin wannan da idona kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake, saboda ƙwayar da zata hana hakan araha ce, wani wajen ma kyauta ake bayarwa.

A wajen awo zasu baki ƙwayar ƙarin jini da folik asid, wasu asibitocin yanzu suna bada wata ƙwaya guda ɗaya mai haɗe da sinadarai 15. Ko wacce aka baki ki sha kullum har ki haihu har bayan haihuwa. Bayan gidanki zai yi baƙi, kar ki tsorata aikin maganin ne. In tana tada miki zuciya ki sha da daddare bayan kinci abinci. Abu ɗaya dai, kar ki kora ta da shayi, kuma ki daina shan shayi a kan abinci, ganyen shayi yana hana jiki tsotsar ayon, ki bari a samu tazarar ko awa ɗaya zuwa biyu. Lemon zaƙi ko gwaiba ko tumatir ɗanye kuwa taimaka masa suke ya shiga jiki. Zasu kuma baki Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro tunda kin wuce wata uku, ana sha wata-wata aƙalla sau uku kafin haihuwa, da maganin tsutsar ciki. Ki karɓa, dan maleriya ƙwayoyin jini take fasawa, kina zubawa tana zubarwa. Gidan sauro kuma ki ɗaura ki dinga kwana ciki ke da yaron. Ita kuwa farar ƙasa dan Allah ki yi haƙuri da ita, nasan yadda take jan rai, amma tana toshe hanyar ayon ɗin, tana kawo tsutsa da taurin bayan gida, kuma zaki ga da jininki ya fara dawowa kwaɗayin zai ragu da kansa.

Toh yanzu maganar yaye.

Kar ki yaye shi. Nonon mai ciki ba guba bane, babu wani abu da ciki yake zubawa a nono da zai sa yaro zawo. Abinda yake faruwa da gaske shine wajen wata huɗu zuwa biyar na ciki ruwan nono yana raguwa, ɗanɗanonsa ya ɗan canza, sai yaron da ya dogara da nono ya daina ƙoshi, in ba a ƙara masa abinci na kirki ba sai ya fara ramewa. Ga shi ɗan wata 11 lokacin rarrafe ne, komai ya tsinta sai baki, ƙasa, takalmi, kashin kaji, ruwan da ba a tafasa ba, daga nan zawon yake zuwa. Iyayenmu sun ga ramar, sun ga zawon, sun ga cikin, sai suka haɗa suka ce ya sha ciki. Ganinsu gaskiya ne yaran suna lalacewa, dalilin ne aka saɓa. Kuma maganin da ake yi, wato a fizge yaro daga nono rana ɗaya a kai shi wani gari, shine yake ƙarasa shi.

Bari in baki wani labari da nake so duk uwa ta sani. A shekarun 1930 akwai wata likita 'yar Jamaika, Cicely Williams, da tayi aiki a ƙasar Gana tun ana ce mata Gold Coast. Ta dinga ganin yara ana kawowa ƙafafu a kumbure, gashi yayi ja yana zuba, fata tana saɓulewa, basa wasa basa dariya. Da ta tambayi mutanen Ga na yankin Akara sunan ciwon sai suka ce mata kwashioko, ma'anarsa a yarensu ciwon da babba yake kamuwa dashi in an samu ƙani. Wato yaron da aka ture daga nono saboda sabon ciki ko sabon jariri, aka bar shi da kunun masara tsurarsa. Ta rubuta shi da wannan sunan a 1935 kuma har yau da shi likitocin duniya suke kiran ciwon. Kinga kenan tamowar da muke gani mai kumburi, tun asalin sunanta labarin yaye ne irin wanda ake so ki yi. Yaro ɗan wata 11 mai zawo, a raba shi da nono a raba shi da uwarsa lokaci ɗaya, ya je inda zai yi kwana uku yana kuka yaƙi cin komai, abincinsa koko mai ruwa-ruwa da ɗan tuwo, ke da kanki ki auna yadda zai dawo miki bayan wata biyu.

A wannan shekarun nono har yanzu yana ba yaro kusan rabin abinda jikinsa yake buƙata, daga shekara ɗaya zuwa biyu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku, banda garkuwar da yake bashi daga cuta. Kuma yaro in yana ciwo yana ƙin abinci amma da wuya yaƙi nono, sau da yawa shine abinda yake riƙe ransa har ya warke. Dan haka ki cigaba da bashi, ko kaɗan yake samu yana da amfani.

Sai dai akwai inda za a ce ki dakata, kuma ba zan ɓoye miki ba. In kina ganin jini, ko mararki tana ɗaurewa da ciwo in yana tsotso, ko kin taɓa ɓari ko haihuwar bakwaini, ko hoto ya nuna tagwaye ne, ko ke kanki kina ta zubewa duk da kina ci, toh ki faɗa wa ma'aikaciyar awo, ita zata duba ta ce miki ki cigaba ko ki rage. Ko a hakan ma a hankali ake yi, a rage na rana a bar na dare, yaron yana gabanki kina bashi abinci da hannunki, ba a ɗauke shi a mota a kai ƙauye ba.

Dalilin da yasa nace ki tafi dashi asibiti, akwai wani ɗan tef mai kala uku da suke naɗawa a damtsen yaro, kore da rawaya da ja. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani kuma akwai abincin magani na gyaɗa da madara a 'yar leda da ake bayarwa. In rawaya ne yana bakin hanya, a tashi tsaye. Ke ma a gida ki danna saman ƙafarsa da yatsa ki ƙirga uku, in kin ɗaga ramin ya zauna a ƙafa biyun, kar ki jira gobe. Zawon kuma ki karɓi ruwan gishiri da suga na leda da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, ki gama bashi ko zawon ya tsaya. In aka baki abincin ledar nan dan Allah nasa ne shi kaɗai, magani ne, ba a rabawa yaran gida ba a saidawa, takaicin duniya yana kama ni in na ganshi a faranti ana tallansa.

Abincinsa a gida kuwa, babban kuskuren da muke yi shine kunu mai ruwa. Cikin yaro ɗan ƙarami ne, in kika cika shi da ruwan koko ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Kunun yayi kauri yadda in kin karkata cokali ba zai zube da gudu ba. Ki samu gero ko dawa gwangwani shida, waken suya uku, gyaɗa ɗaya, ki wanke ki tsince, duk gyaɗar da tayi baƙi ko fumfuna ki zubar dan tana da dafi, ki soya kowanne daban sama-sama, ki cire ɓawon waken suyan, a niƙa su tare, shine wanda ake ce wa Tom Brown. In da hali ki daka busasshen kifi ko karafish ki zuba. Ki dama masa sau uku zuwa huɗu a rana ki ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa, tsakani ki bashi ayaba ko gwanda ko dafaffen dankalin Hausa ko kabewa da kika murƙushe, faten wake mai laushi, dafaffen ƙwai, tuwo da miyar da ganye ya ji. Kwanonsa daban, kar a haɗa shi da manyan yara su cinye yana kallo. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu kafin ci, ruwan shansa a tafasa. Kuma wannan kunun ke ma ki sha, kofi babba safe da yamma, naku ne ku biyu.

Sai maganar rage ci dan kar ɗa yayi ƙato. Wannan tsoron na fahimce shi sosai, Hajiya uwar mijinki ta ga matan da suka kwana biyu uku suna naƙuda, ta ga masu yoyon fitsari, ta ga waɗanda aka rasa, ba mugunta take miki ba. Amma kan jariri baya ƙanƙancewa yadda take zato dan uwa ta zauna da yunwa, abinda yake faruwa uwar ce take rasa ƙarfin nishi, jini yayi ƙasa, a haifi ɗa ƙasa da kilo biyu da rabi wanda sanyi kaɗan ko ciwo kaɗan yake kayarwa. Yawancin doguwar naƙuda daga ƙugun uwa ne da bai gama buɗewa ba ko kwanciyar ɗa ba daidai ba, kuma ƙugun da bai buɗe ba sau tari yarinyar ce bata samu abinci ba tun tana ƙarama ta tsumbure, ko aka yi cikin jikinta bai gama girma ba. Kinga in abinda ke cikinki mace ce kika hana ta abinci yanzu, ita kike shiryawa wahalar haihuwa nan da shekara ashirin. Abinda yake kare mace daga doguwar naƙuda shine awo da haihuwa a hannun ma'aikata.

Kuma abin baya tsayawa a ranar haihuwa. A ƙasar Holan an yi wata muguwar yunwa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, lokacin sanyin 1944 zuwa 1945, da sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci. Likitoci sun bi 'ya'yan da aka yi cikinsu a wannan yunwar har girmansu, suka tarar ciwon suga da ciwon zuciya sun fi yawa a cikinsu fiye da waɗanda aka haifa kafin ko bayan yunwar. Yunwar 'yan watanni a ciki, amma jiki bai manta ba bayan shekara hamsin. Shi yasa masana suke ta maganar kwana 1000 na farko, daga ranar da ciki ya shiga zuwa ranar da yaro ya cika shekara biyu, a nan ƙwaƙwalwa da tsayi suke kafuwa, abinda aka rasa a nan da wuya a cike shi daga baya. Ke yanzu 'ya'ya biyu gare ki a cikin kwana dubun nan lokaci guda, ɗaya a baya ɗaya a ciki, kuma duk daga jikinki suke ci. Mai ciki a watannin ƙarshe tana buƙatar ƙarin abinci kamar kwano ɗaya a rana akan abinda ta saba, mai shayarwa ma haka ko fiye, toh ke da kika haɗa biyun ina maganar ragewa.

Na zaƙi kuwa Hajiya tana da ɗan gaskiya a ciki, in mace tana da ciwon suga na ciki ɗa yana iya yin girman da zai wahalar, shi yasa ake gwada fitsari da jini a awo. Lemon kwalba da alawa da shayi mai suga cokali huɗu ki bar mata su, babu abinda kika rasa, ki ma nuna mata kin bi maganarta a nan. Amma mangwaro da gwanda da lemo da dabino biyu uku basa cikin wannan. Kuma jiƙe-jiƙen maganin zaƙi da ba a san abinda ke ciki ba kar ki sha. Ƙwai kuma babu abinda yake yi wa ɗan ciki sai alheri, baya sa sata baya sa sanƙo baya hana magana, a dai dafa shi ya dahu sosai. In kina da kaza a gida ƙwai ɗaya a rana ki raba da yaronki ya fi kuɗin da za a saida shi.

Nasan zaki ce Anti duk wannan da wane kuɗin. Ban manta ba, nasan yadda kasuwa take. Amma duba tukunyarki, tuwo da miyar kuka ba abin rainawa bane, kuka ganye ce mai amfani, abinda ya rage a ƙara mata daddawa da yawa da dakakken kifi da ɗan wake ko gyaɗa. Taliya da manja ki watsa mata dafaffen wake da alayyafo ko zogale ta zama abinci. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, ɗanwake, fate da ganye da gyaɗa, dambu da zogale, awara, alala, ƙosai, riɗi, fara in lokacinta ne, duk waɗannan gina jiki suke kuma sun fi shinkafa fara da miyar tumatir da muke ganin ita ce abincin gayu. Fura da nono ko kindirmo yana ba ƙashi ƙarfi, sai dai ki tabbatar an tafasa madarar kafin a kwantar. Hanta ɗan yanki sau ɗaya a sati tana ɗaga jini, kar dai a maida ita kullum dan yawanta baya yi wa mai ciki kyau. Gishiri ki sayi na leda mai aidin, shi yake hana maƙoƙo yake taimakon ƙwaƙwalwar ɗan ciki. Dabarar kawai kullum ki duba kwanonki, bayan hatsi akwai wani abu daga dangin wake ko kifi ko ƙwai, akwai ganye, akwai wani abu mai launin ja ko rawaya? In akwai kin yi.

Sannan akwai maganar da bama son faɗa. A gidaje da yawa mace ce take girki amma ita ce ƙarshen ci, a zuba wa maigida da tsokar da ke ciki, a zuba wa baƙi, a zuba wa yara, ita ta kankare ƙanzo. Ƙanwata a wannan halin da kike ciki ki fara ɗibar naki, ba rashin kunya bane ba rowa bane. Ki samu maigida lokacin da ya huta hankalinsa a kwance ki karanta masa wannan amsar. Malam in kana ji, nasan kana fita tun safe kana shan rana da hayaƙi, Allah ya ƙara buɗi, amma abinda kake kashewa a teburin mai shayi ko wajen mai tsire in ka taho dashi gida ya zama ƙwai biyu da gwangwanin wake da ɗan kifi, mutum uku ka ciyar. Kuma kai ne ya kamata ka tari mahaifiyarka da maganar nan, daga bakinka zata fi karɓa, kar ka bar matarka a tsakiya ta zama mai taurin kai a idon uwarka.

Ita Hajiya kar ki yi musu da ita, kar ki ce mata camfi ne. Ki ce Hajiya jiri nake ji ina so ki raka ni awo, ko in tana nesa a kira ta a waya ma'aikaciyar tayi mata bayani, manya sun fi jin magana daga mai farin kaya akan daga bakin suruka. In tana son taimakawa da yaron, alhamdulillah, ta zo ta kwana biyu ta taya ki dama kunu da raino ke ki huta, a nan gidan. Kuma tunda mu musulmi ne akwai abinda zai kwantar mata da hankali, Alƙur'ani a Suratul Baƙara aya ta 233 ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa. Sannan akwai hadisi a Sahihu Muslim da Muwaɗɗa inda Annabi (SAW) ya nuna ya yi niyyar hana abinda Larabawa suke kira gila, sai ya duba yaga Rumawa da Farisawa suna yi kuma baya cutar da 'ya'yansu, sai bai hana ba. Malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu kuma suka ce shayarwa da ciki. Maigida ya tambayi malamin da Hajiya ta yarda dashi ya faɗa mata da bakinsa.

Abinda yasa na zage nake miki dogon bayani haka, yaronki yana tsaye ne a daidai bakin ramin da miliyoyin yara suke faɗawa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2022 ta nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 148 ne suka tsumbure a duniya, miliyan 45 kuma suna cikin rama, mafi yawansu a kudancin Asiya da Afirka, kuma kusan rabin mutuwar yara ƙanana tana da alaƙa da rashin abinci mai gina jiki. A nan gida binciken 2018 ɗin nan ya nuna yara 37 cikin 100 a Najeriya sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa 57, fiye da rabi, a yankin da yake noma gero da wake da gyaɗa da waken suyan da ake lodawa zuwa kudu. A 2005 da aka yi yunwa a Nijar, Maraɗi mai albarkar noma tana cikin inda tamowa ta fi kama yara. Talauci yana ciki babu ko shakka, wasu wuraren kamar Yaman da Sudan yaƙi ne ya raba mutane da abinci, amma a wajenmu akwai kaso mai yawa da yake zuwa daga ruwan koko, da yayen rana ɗaya, da uwa mai jiri tana shayarwa.

In Allah ya sauke ki lafiya, kuma a asibiti nake so ki haihu saboda maganar jinin nan, a sa miki jariri a nono cikin awa ɗaya. Dakashin nan mai rawaya kar a matse a zubar, shine rigakafinsa na farko. Wata shida nono zalla, ko ruwa banda, dan nono kansa kusan duk ruwa ne ko a zafin Afrilu yana isarsa, zuma kuma sai ya cika shekara. In a lokacin babban bai bar nono ba, jariri ne farko sannan wansa. Kunun kanwa na jego ki sassauta ƙwarai, kanwa gishiri ce mai nauyi ga zuciya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciya a wajen masu jego suka danganta shi da yawan kanwa da zafin wankan jego, kunun gyaɗa ko na Tom Brown ɗin nan ya fi miki. In kika ga kumburi ko haki ko kin kasa kwanciya sai a zaune bayan haihuwa ki koma asibiti da gaggawa. Kafin a sallame ki kuma ku zauna da maigida da ma'aikaciya kuyi maganar tazara, shawarar masana a samu aƙalla shekara biyu bayan haihuwa kafin wani cikin, jikinki yana buƙatar ya maida abinda ciki biyu a jere suka ɗiba.

Kafin nan in kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, ko hakin ya ƙaru har kina zaune, ko dare ne a fita dake. Ki je awon nan cikin satin nan ƙanwata, ki rubuto min nawa jininki ya nuna da kuma kalar da tef ɗin ya nuna a damtsen yaron, ina jiran saƙonki.